Rakiyar Badamasi

Ni na san Badamasi tun yana da ɗakuna uku masu yoyo a bayan kasuwar kifi ta Hadejia. Fatoma ne, mai saukar da fatake, amma baƙi sai su wuce ƙofarsa su sauka gidan maƙwabci. Abin ya ci masa rai har ya hau kwalekwale ya nufi wani boka can cikin ciyawar kacalla, bayan Guri.

Bukkar na kan tudu, warin jini da ruɓaɓɓen kifi ya cika ta. An rataye kan kada a bakin ƙofa. Bokan ya yanka baƙin bunsuru ya tara jinin a cikin wata ƙaramar tukunya, ya sa Badamasi ya tsoma ƙafarsa ta dama.

"Ka binne ta a ƙarƙashin dokin ƙofar zaurenka. Gidanka ba zai rabu da baƙi ba. Amma duk shekara ka yi wa ɗaya rakiya ka tsallake da shi. Wanda ka raka ba zai kai gida ba."

"Baƙo dai, ko? Ba nawa ba?"

"Kai ke da ƙafarka," in ji boka.

Kafin shekara ta zagayo ya tayar da bene. Dillalan kifi da na shanu har a tsakar gida suke kwana. Duk damina sai a ji wani bafatake ya nutse, ko mota ta kife da shi, a ce kwana ya ƙare. Badamasi ya daina raka kowa sai wanda ya zaɓa, mutane suka ce arziki ya sa masa girman kai.

Ranar da ɗansa Musa zai koma makaranta, yana cikin yi masa faɗan karatu, bai ankara ba sai ga su a titi tare. Motar da ya shiga ba ta kai garin Malam Madori ba. Hajo, uwar yaron, tun daga ranar take shimfiɗa tabarma tana jiransa.

Mahaifiyar Badamasi, Yakaka, ta zo ta'aziyya daga Guri. Da za ta koma, ya tura direba, ya tura ma'aikata su raka ta, ta ƙi. A gaban jama'a ta miƙo masa hannu.

"Ɗan nan, ni ma sai an raka ni da bare?"

Ya ce ƙafarsa ke ciwo. Ta ce to ya dafa ta. Ta kama hannunsa da ƙarfin nan na uwa, ta ja. Ya tsallake. Da la'asar aka kawo labarin kifewar kwalekwalen da ta hau.

Benen yana nan, jemagu ke kwana a ciki. Badamasi kuwa yana yawo kasuwa ba takalmi, duk wanda ya ɗauki kaya sai ya bi shi yana cewa bari ya taka masa. Mutane har kayansu suke zubarwa su gudu.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji tsoron Allah. Abin da ka binne don baƙo ba ya tambayar wa ya haife ka.