Silin Waya a Kafireta

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai, shi ya so!"

Rana tsaka ce, a shagon gwal na Hajiya Saudatu da ke unguwar Dawaki a Gombe. Saifullahi, shugaban 'yan fashin, ya daki gilashi da gindin bindiga, yana kwashe sarƙoƙi yana turawa cikin buhu. Maigadi ya yunƙura, tau! Ya zube a bakin ƙofa. Hajiya ta kifa fuska a ƙasa tana salati, wayarta na ƙarƙashin cikinta, tana lalubar lambar 'yan sanda da yatsa ɗaya.

A waje, wata tsohuwar Fijo na tsaye injinta na aiki. Iro direba na riƙe da sitiyari. A kujerar baya kuwa Lazarus ne, bakaniken unguwar Herwagana, babu abin da ke hannunsa sai sukudireba. Shi ba ɓarawo ba ne, bai taɓa ɗaukar ko noti na wani ba. Laifinsa ɗaya, ya iya aiki.

Shi ya haɗa injin nan, yana zaton na masu wasan mota a biki ne. Ya sa sabon fistin da sabon ring, ya ɗora babbar kafireta, ya zauna yana canza jet, ɗan ƙarfen nan mai huda wanda mai ke bi ya haɗu da iska. In ya ciro fulogi ya gan shi baƙi, mai ya yi yawa. In fari ne fat, injin na jin yunwa. Sai da fulogin ya yi kalar shayi da madara sannan ya yarda. Ranar da ya miƙa makulli ya san ko su wa ya yi wa aiki.

Saifullahi ya ce tare za su fita, ko motar za ta yi gardama. Don kada bakaniken ya yi wayo, ya aika yaronsa Alfred ya zauna a falon Lazarus, bindiga a ƙarƙashin riga, kusa da matarsa Juliana da 'yarsu Debby. Magana ɗaya ce: in mota ta tsira, Alfred ya tashi. In ta mutu, su ma haka.

Saifullahi ya faɗo cikin mota. "Mu ware, baaba!"

Fijo ta yi kukan kura. Suka keta kasuwa, 'yan acaba na watsewa. Lazarus bai ga ko ɗaya ba, kunnensa na kan injin. Akwai wani ɗan tari a cikin sautin, tarin da bai bar shi da shi ba jiya.

A can baya, Sufeto Kenneth ya riga ya sami kiran Hajiya. Ya ce wa direbansa ya bar cikin gari ya nufi hanyar Bauci, domin duk wanda zai bar Gombe ta nan sai ya hau tudu. Yaransa suka bushe da dariya da suka ji tsohuwar Fijo za su bi. Sufeto bai yi ba, ya ga gawar maigadin.

Tudun ne kuwa ya tona asiri. Iro ya taka totur har ƙasa, motar ta shaƙe, ta yi fat-fat, ta yi tsalle kamar akuyar da aka ja da igiya, ta mutu a tsakiyar hawa. Daga ƙasa jiniya ta fara tasowa.

Saifullahi ya fizgo Lazarus waje, ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya, ya ce in makirci ya shirya, to ya fara yi wa iyalinsa addu'a. Lazarus ya ɗaga bonet. Ƙarfe na ƙuna, bai ji ba. Ya kwance murfin kafireta, ya zaro jet, ya ɗaga shi sama. Wani siririn silin wayar lantarki ne zure a cikin hudar.

Ya juya ya dubi Iro. Iro ya fara rantse-rantse. Ya ce shi taimako ya yi, motar na shan mai kamar rijiya, ga Oga ya ce ba tsayawa a gidan mai sai sun wuce Alkaleri. Duk tsawon zamansa na ɗan tasi haka suke yi, a zura waya a rage huda, mai ya yi auki. Ai kowa ya sani.

Kowa ya sani, gaskiya ne. Amma wannan dabarar mai ɗaukar fasinja ce daga tasha zuwa kasuwa. Injin da aka haɗa don gudu, ka toshe masa maƙogwaro, ka ce ya hau tudu? Wauta ma dai iri-iri ce.

"Mayar da shi," in ji Saifullahi.

Lazarus ya zare wayar, ya dunƙule jet ɗin a tafin hannu, ya miƙa hannun saitin kwarin da ke gefen titi. Ya dubi Saifullahi.

"Oga, kira Alfred tukuna, ka ce ya bar gidana. In ka harbe ni, wannan ya faɗa kwari, kai kuma ka tura motar da hannu."

Jiniya ta ƙara matsowa. Saifullahi ya zage shi ta uwa ta uba, amma ya kira. Lazarus ya karɓi wayar ya kira Juliana.

"Baban Debby, ya fita. Yana tsaye a bakin layi yana kallon gidan. Kai kana ina?"

"Ɗauki yarinya ki bi ta baya, ki shiga coci."

Bakin layi ba nisa ba ne, kira ɗaya zai dawo da shi. Saboda haka Lazarus ya ɗaura jet ɗin tsakani da Allah, ya ɗaure murfi, ya ce a tayar. Injin ya yi ruri, lafiyayye.

Saifullahi bai gode wa kowa ba. Ya juya kan Iro, tau! Ya jawo shi ya yar a kwalta, ya shige mazaunin direba, ya bar Lazarus tsaye cikin hayaƙi. Bai yi nisa ba. Sufeto ya riga ya sa an gindaya tirela a saman tudun, Fijo kuwa yanzu gudu take yi na gaske. Ƙarar karon har ƙasa aka ji ta.

Lazarus 'yan sanda suka tarar a durƙushe, hannuwansa na warin fetur, suka tafi da shi.

Maigadi ya mutu ya bar marayu. Iro ya mutu, Saifullahi ya mutu, Hajiya Saudatu ba ta sake buɗe shago ba. Alfred kaɗai ba a kama ba, domin babu wanda ya san da shi sai Lazarus da matarsa.

Lauya ya ce wa Lazarus maganar mai sauƙi ce, ya faɗi yadda aka tsare iyalinsa, ya ambaci sunan wanda ya tsare su, Juliana ta ba da shaida. Lazarus ya yarda. Ranar shari'a ya ɗaga kai yana neman fuskar matarsa a cikin jama'a. Ya gan ta, Debby na kan cinyarta. A bencin da ke bayansu Alfred ne zaune cikin farar shadda, ya sunkuyo yana miƙa wa yarinyar alewa.

Alƙali ya tambaye shi ko akwai wanda ya tilasta masa shiga motar.

Lazarus ya daɗe yana kallon 'yarsa tana ɓare ledar.

"Babu, ranka ya daɗe," ya ce. "Da ƙafata na shiga."