Haifaffiyar Suleja

A zauren taro na wata makarantar sakandare da ke cikin Suleja Folake ta fara ganin Mu'azu, kuma gaskiyar magana ba ganin daɗi ba ne. Ƙungiyoyin gari ne suka kira jama'a, kowa ya zo ya faɗi abin da yake so a gyara a kundin tsarin mulkin ƙasa, a tattara a kai babban zaman jin ra'ayi da za a yi a Minna. Zaure ya cika maƙil. Wani direban bas ɗin Abuja ya ce a sakar wa ƙananan hukumomi mara su yi aikinsu. Wata mai sayar da doya ta ce a ware wa mata kujeru a majalisa, tunda maza sun gwada kuma kowa ya gani. Wani dattijo ya ce a rubuta farashin taki a cikin kundin, aka yi dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Folake 'yar Alhaji Kayode ce mai kayan gyaran mota, mutumin Iseyin ta jihar Oyo, wanda ya zo Suleja tun yana saurayi. A nan aka haife ta, a nan ta yi Islamiyya da boko, mahaifiyarta ma tana kwance a maƙabartar garin. Ta karanci aikin unguwarzoma, amma da aka zo ɗaukar ma'aikatan gwamnati sai aka ce ta kawo takardar shaidar asali. A nan aka ce ta tafi garin ubanta. Ta je can, aka dube ta aka ce ba a san ta ba, ko gaisuwar Yarbanci ba ta iya yi daidai. Haka aikin ya wuce ta tana ji tana gani, ta koma wani ƙaramin asibitin kuɗi a Madalla.

Abin da ta miƙe ta faɗa ke nan. Ta roƙi a rubuta cewa duk wanda aka haifa a gari, ya tashi a cikinsa, ɗan garin ne.

Ba ta gama zama ba wani tsoho ya tashi, Malam Garba, manomi daga wani ƙauye kusa da Tafa. Da yake cikin masu rubuta bayanai akwai waɗanda ba sa jin Hausa, ɗansa ne ya tsaya gefensa yana mayar da maganar Turanci. Tsohon ya ce baƙo ya zauna lafiya, a ba shi ruwa, amma ya san shi baƙo ne. An sayar musu da gonaki, an kewaye da katanga, idan doka ta ce kowa ɗan gari ne, me zai rage wa jikokinsa? Ɗan nasa ya fassara kalma bayan kalma, bai rage ba, bai sassauta ba, kansa a sunkuye. Folake ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

A bakin ƙofa ɗan tsohon, Mu'azu, ya tarar da ita tana neman abin hawa. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, malamin Turanci a makarantar da aka yi taron. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya ce maganarta ta taɓa shi. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ai na ji yadda ta taɓa ka, Malam, har da Turanci."

"Bakin Baba na ara, ba zuciyata ba," in ji shi. "Idan na canja masa magana na ci amanarsa. Amma da ni aka tambaya, naki zan ɗauka."

Ta tsayar da abin hawa ta yi tafiyarta. Lambar waya ma sai da ya yi sawu uku zuwa Madalla, yana fakewa da cewa kwamitin taron na son ƙarin bayani, kafin ta tausaya masa. Wane kwamiti! Ma'aikatan asibitin duk sun gane, da sun hango shi sai su ce mata ga ɗan tsarin mulkinki nan ya iso.

To, so dai ba ya sallama. Wasa wasa hirar doka ta koma hirar zuci. Shi yana ce mata Fola, ita tana ce masa Malamina. Da safe kafin ya shiga aji saƙonsa zai shigo:

"Fola tawa, Allah ya sa kin tashi lafiya. Yau idan kin karɓi haihuwa ki gaishe mini da sabon ɗan gari. Ina tunaninki fiye da yadda ya kamata malami ya yi a lokacin aiki."

Ita kuma ta mayar:

"Malamina, ka koyar da 'ya'yan mutane tsakani da Allah. Ina nan, ba inda za ni."

Da maganar ta isa gidaje, kowane ɓangare ya murtuke. Alhaji Kayode ya ce bai ƙi Bahaushe ba, da su ya tsufa, amma ba zai kai 'yarsa gidan mutumin da ya kira ta baƙuwa a bainar jama'a ba. Ya ƙara da cewa ga Damilola nan ɗan amininsa, ma'aikacin banki a Ibadan, ya daɗe yana nuna sha'awa, kuma can ba wanda zai tambaye ta takarda. Bai tilasta mata ba, amma kullum sai sunan Damilola ya faɗo cikin hira. Malam Garba kuwa cewa ya yi yarinya ba ta da laifi, sai dai shi bai san asalinta ba, kuma gidansu ba sa aure a duhu.

Ana cikin haka zaman Minna ya zo. Ƙungiyar manoma ta zaɓi Malam Garba ya yi magana a madadinta, shi kuma ya ce ba mai fassara masa sai ɗansa. Mu'azu bai iya gaya wa Folake ba, ya yi ta jan ƙafa har ranar ta zo ta wuce. Wannan kam ya yi wauta, kuma ba wanda zai wanke shi. A wayar wata abokiyar aikinta ta ga bidiyon yana yawo: ga Malaminta tsaye gaban manyan ƙasa, da muryar nan da yake kiranta Fola, yana cewa baƙo ya san shi baƙo ne.

Ta san fassara yake yi. Ba wannan ne ya ƙona mata rai ba. A karon farko bai san ta ba, yanzu kuwa ya san komai, ya san kukan da ta yi a motar dawowa daga Iseyin, kuma ya tafi bai ce mata uffan ba. Ta shiga ɗakin magunguna ta rubuta masa:

"Na ga aikinka, ya yi kyau. Garin ubana sun ƙi ni, garin haihuwata sun ƙi ni, ban zaci zan ji ta uku daga bakinka ba. Kada ka zo Madalla."

Amsarsa ta zo nan take:

"Na yi kuskure da na ɓoye miki, tsoro na ji. Ba zan iya tsayawa gaban jama'a in ƙaryata mahaifina ba, Fola, ko da ba daidai yake ba. Amma a mota na gaya masa ke zan aura, kuma 'ya'yan da za ki haifa jikokinsa ne. Tun daga Minna har gida bai ce mini komai ba. Ki yafe mini."

Ta karanta ta ajiye wayar. Ta rame, ta daina wasa da kowa a wurin aiki. Da mahaifinta ya sake ambatar Damilola, sai ta ce ya ba ta lokaci ta yi tunani, kuma da gaske take. Ta fara ganin ƙila gara ta tafi inda ba ta san kowa ba, da ta zauna inda ta san kowa amma ba a ƙirga ta.

Abin da ba ta sani ba shi ne, Malam Garba ya shiga binciken asali, yadda ake yi kafin neman aure. A al'ada wakilai ake turawa su yi tambaya a ɓoye, amma shi ya ce ba ya aike a kan abin da ƙafarsa za ta iya. Ya zaga unguwarsu, ya tambayi liman, ya tambayi mai unguwa, ya tambayi masu shaguna. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi a ƙofar gidan Alhaji Kayode da kansa.

Folake ce ta kawo musu ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma bayan labule ta tsaya.

Sun daɗe suna gaisuwa kamar masu jin nauyin fara magana. Daga baya Malam Garba ya ce ya yi tambaya, duk inda ya taɓa alheri yake ji, har liman ya shaida masa cewa shi ya raɗa wa yarinyar suna, shi kuma ya sallaci mahaifiyarta. Alhaji Kayode, da Hausarsa mai karin Yarbanci, ya ba shi labarin zuwansu Iseyin, yadda aka bar su tsaye a baranda, shi da furfurarsa, ana tambayarsa wa zai tsaya masa shaida a garin da aka haifi kakansa.

Malam Garba kuma ya ce bara ya je ziyarar kabarin mahaifinsa a tsohuwar gonarsu, wadda yanzu ta zama rukunin gidaje. Mai gadi ya tare shi a ƙofa, ya tambaye shi da Turancin kasuwa wa yake nema. Ya tsaya yana hango itacen ɗorawar da ke kan kabarin ta saman katanga, ya yi addu'arsa daga titi ya juyo. Kuma wanda ya sa hannu aka sayar da gonar ba daga Kudu ya zo ba, ɗan ɗakinsu ne.

"Alhaji," in ji shi, "zafin wannan na ɗauka na jefi 'yarka da shi. Ita ba ta ci mini gona ba. Maganar ƙasarmu ba zan janye ba, sai an kare wa manomi gonarsa. Amma da na san akwai yaran da ba su da nan ba su da can, da na roƙi a haɗa biyun a rubuta."

Ya sa aka kira ta. Ta zo ta zauna a ƙasa, hawaye na bin fuskarta.

"'Yata, kina son yaron nan?"

"Ina sonsa, Baba. Tsoro nake kada in shiga gidanku a matsayin baƙuwa."

"Ni na faɗa, ni zan gyara," in ji tsohon.

Da yamma ta ɗauki wayarta ta rubuta gajeren saƙo:

"Malamina, ka zo Madalla gobe. Amma ka sani ban gama fushi ba."

Ya amsa:

"Ki yi fushinki a hankali, Fola tawa, muna da sauran rayuwa gaba ɗaya da zan ba ki haƙuri."

An kai gaisuwa, an sa rana, sai kuma wata matsala ta ɓullo. A nan ba uba ne ke ba da auren 'yarsa da bakinsa ba, kunya ce, wani cikin 'yan uwansa ake wakiltawa ya zama waliyyi. Alhaji Kayode ya aika Iseyin. Ƙannensa suka ce tunda ya bar ɗan gida ya ba Bahaushe, ya nemi mai bayarwa a can inda ya zaɓa. Folake ta ga mahaifinta zaune da waya a hannu, ya tsufa cikin yini ɗaya, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai yawa.

Mu'azu ya kai wa mahaifinsa labari. Washegari Malam Garba ya iso tare da yayansa Malam Salisu, babban gidansu, tsohon da ake tashi idan ya shigo. Malam Garba ya ce idan Alhaji ya amince, shi zai karɓa wa ɗansa ta bakin wani ƙanensa, Yaya kuma ya koma ɓangaren amarya ya zama waliyyinta. Kuma ba na rana ɗaya ba. Daga yau gidan Malam Salisu gidansu ne, idan Mu'azu ya ɓata mata can za ta kai ƙara, can za a kira shi ya durƙusa. Alhaji Kayode ya riƙe hannun Malam Salisu da hannu biyu.

Ranar ɗaurin aure ƙofar gida ta cika, manoman Tafa da 'yan kasuwar kayan mota da ma'aikatan asibitin Madalla. Folake tana ciki tsakanin ƙawaye, lulluɓe, lasifika na kawo mata komai ta taga. Ta ji liman ya tambaya wane ne waliyyin amarya. Ta ji muryar Malam Salisu ta tashi a hankali:

"Ni ne. 'Yarmu ce, haifaffiyar garin nan, mun ba Mu'azu ita."

Ta kifa kanta a cinyar ƙawarta, kafaɗunta na girgiza, guɗa ta kaure gidan.

Kundin tsarin mulki har yau ba a gyara wannan wurin ba, takardar asali kuma ba ta samu ba tukuna. Amma da la'asar ɗin ranar, kafin a kai ta ɗakinta, gidan Malam Salisu aka fara biyawa da ita, matan gidan suka yi mata faɗa irin wanda ake yi wa 'yar gida, tsohon ya ɗora hannu a kanta ya sa mata albarka. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuri'a ta gari, ya sa 'ya'yansu su tashi ba wanda zai tambaye su daga ina suke.