Watan Zariya

Ranar ɗaya ga Janairu, a ɗakin hutawar ma'aikatan wani asibiti a Alexandria ta Amurka, Tracy da Loveth suka kunna kyandir a kan kek suka yi wa abokiyar aikinsu Radiyya waƙa. Ta hura, ta yi murmushi, ta gode. Suna juya baya ta fito waje da yankan kek ɗinta, ta tsaya tana kallonsa kamar an ba ta magani.

Wani dogon saurayi yana zaune a benci yana jiran a gama duba mahaifiyarsa. Ya ga balan-balan a hannunta, ya karanta sunan da ke maƙale a rigarta.

"Barka da ranar haihuwa, Malama Radiyya," ya ce da Hausar zangon Kumasi.

Ta daɗe ba ta ji Hausa a wurin aiki ba, shi ya sa bakinta ya suɓuce. "Ba yau aka haife ni ba. Mai cika fasfo ne ya zaɓa mini ranar."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wallahi ni ma! Ashe tagwaye ne mu. Ɗaya ga Janairun nan ita ta haifi rabin Afirka."

Sunansa Dramani, injiniya ne a wata cibiyar ajiye bayanai a Sterling. Tasa ranar ta ɓata ɗungurungum, ko mahaifiyarsa Mma Awawu abin da take tunawa kawai shi ne ana tafka ruwa. Shi ya cinye kek ɗin, ya kuma tafi da lambarta.

Tun daga nan wayarta ta daina zama kurma.

"Bazazzagiyata, kin ci abinci ko kofi kika sha kika yaudari cikinki?"

"Ɗan Zango, ina ruwanka da cikina?"

"Ruwa da tsaki ma kuwa. Amana ce nake neman a ba ni."

Sai da suka saba sosai ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba a ƙasar nan. Goma ga Rajab aka haife ta a Zariya. Kowace shekara Ummanta takan soya funkaso, ta yi miyar taushe, a rarraba wa maƙwabta sadaka. Babu kek, babu waƙa, sai addu'a. Tun da Umma ta rasu, ita kaɗai take soyawa, ita kaɗai take ci, a hawa na sha huɗu inda ko sunan maƙwabcinta ba ta sani ba.

Dramani ya ce, "Na ji, kuma na riƙe."

Da maganar aure ta taso sai aka je ga Kawu Dabo, ƙanin Umma, wanda ke Gaithersburg a jihar Maryland, shi ne waliyyinta a nan. Kawu ya saurara, ya cire tabarau ya goge.

"Radiyya, ban ce yaron banza ne ba. Amma wa ya san shi? Wa ya sani a cikinmu? Aure dangi ake haɗawa. Ga Dokta Rilwanu ɗan abokina, har kakanninsa na sani. Ki yi tunani."

"To, Kawu," ta ce. Ta yi kuka a mota tun daga Maryland har gida.

Ba za ta yi aure ba sai da yardar Kawu, Dramani ma ya sani. Bai yi fushi ba, sai dai kiransa ya ragu, kullum in ta kira layinsa yana kan wata wayar. Ta fara zargin ya gaji. Ta ce a ranta, Rajab na tafe, ranar za ta raba gardama.

Da kalandar wayarta ta nuna goma ga wata, ta ɗauki hutu ta kwaɓa alkama. Da safe saƙo ya shigo:

"Barka da asuba, Bazazzagiyata. Aiki ya riƙe ni yau. Ki sa rigar sanyi, an ce ƙanƙara za ta sauko."

Shi ke nan? Ta duba baya ko akwai wani. Babu.

Kai, kaɗaici mugun abu ne. Ta soya funkaso ya yi kyau, ya yi ja, ƙamshi ya cika ɗaki, babu wanda zai ce ya yi daɗi. Ta zuba a faranti ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tata. Wata mata ta leƙo ta ce ta gode, amma ba ta cin alkama. Radiyya ta dawo ta zauna a bakin taga, tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa can ƙasa cike da masu komawa gida wurin nasu. Ta yi kewar Umma har ƙirjinta ya yi zafi.

Bayan magariba ta rubuta:

"Na gane. In maganar Kawu ce ta sa ka ja baya, ka faɗa mini kai tsaye. Ba zan riƙe ka ba."

"Ja baya? Ni? Zumata, me na yi?"

Tambayar ta fi komai ciwo. Ta kashe wayar.

Washegari tana kunnawa kiran Kawu ya shigo. "Ki zo gida bayan la'asar." Ta san zancen Dokta ne. Ta saka baƙar abaya ta tafi, idanu a kumbure.

Tun daga bakin ƙofa ta ji ƙamshin taushe. Anti Shamsiya, matar Kawu, ta ja hannunta zuwa falo. Falon a cike! Ga Tracy da Loveth sun ɗaura ɗankwali a karkace, ga yaran gida, ga Mma Awawu da ludayi a hannu, ga tulin funkaso a tire. A gefe Dramani ne tsaye riƙe da waya, a cikin wayar kuma fuskar Hajiya Mairo, kakarta, daga Zariya.

"Ke ja'ira, me ya kumbura miki ido?"

"Hajiya, ai jiya ne goma ga wata."

"Jiya a gidan wa? Mu nan ba mu ga wata ba sai da aka cika talatin, yau ne goma. Waya kike bi? Da watan Zariya uwarki ta haife ki, da shi take lissafi. Wannan mijin nawa ya fi ki hankali, sai da ya tambaye ni."

Ashe Zariya yake ta kira duk kwanakin nan. Anti Shamsiya ce ta ba shi lambar, da ɗan gari akan ci gari. Ya gaishe da Hajiya, ya gaishe da goggonni, har aka koya wa Mma Awawu kwaɓin Umma ta waya.

Kawu ya gutsuri funkaso ya sa a baki. Ya daɗe bai haɗiye ba.

"Hannun Yaya ke nan," ya ce, murya na rawa. "Na ce ba wanda ya san shi. Yanzu Hajiya ta san shi, ta kuma ce in ba shi. Dramani, ka turo manyanka."

Anti ta rangaɗa guɗa. Radiyya ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya.

"Ka bar ni na kwana ina zaginka a zuci," ta ce masa a hankali.

"Na yafe, tunda ban ji ba."

"Ɗan Zango, kai ba ka da rana ko? Ga tawa, mu raba."

Bayan Ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a masallacin Sterling, Kawu ya bayar, Hajiya ta sa albarka ta waya har muryarta ta dushe. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Yanzu in Rajab ya ƙarato, Radiyya takan auna alkamar mutum biyu da ta sadaka. Amma ba ta taɓa kwaɓawa sai mijinta ya kira Zariya ya tambaya ko an ga wata.