Satar Littafin Majid

Ƙarfe tara na safiyar Asabar Mastura ta buɗe ɗakin ajiya na wani zaure a unguwar Aziziyya ta Jidda, ta tarar da akwatin jitar ƙanenta Majid a buɗe. An fito da jitar an jingine ta a hankali. Littafin waƙoƙinsa da ke aljihun akwatin kuwa babu shi. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa na'urorin sauti ba. Ga shi bayan la'asar za a fara taron tunawa da shi.

Shekara uku ke nan da ciwon ƙoda ya kashe Majid. Jikan alhazan Katsina ne da suka zauna a Ruwais, shi ne kuma mawaƙin Tsatsa, ƙungiyar kiɗan punk da ta fara a garejin wani bakanike tun lokacin da irin wannan kiɗa sai a ɓoye. Yakan fara baiti da Larabci ya ƙarasa da Hausa, da wuya waƙarsa ta wuce minti biyu. Ya yi wa direbobi waƙa, ya yi wa masu shara, ya yi wa waɗanda aka haifa a Jidda suka tsufa suna sabunta iƙama, takardar izinin zama. In an tashi daga wasa shi ke share wurin.

Mastura ba ta nemi 'yan sanda ba. Abdulghani ta kira, dattijo mai gyaran lasifika a Sharafiyya, wanda ya shekara sha ɗaya yana haɗa wa Tsatsa sauti.

Ya duba kwaɗon ƙofa, ya tambayi wa ya san inda littafin yake. Ta ce jiya a wurin gwaji ta buɗe akwatin gaban mutum uku, ta faɗa musu za a haska shafukan a allo kowa ya ga rubutun Majid. Akwai Hatim mai ganga. Akwai Bandar, wanda ya riƙe jita ta biyu kafin ya ware ya yi suna shi kaɗai. Sai Razan, matashiyar da za ta rera waƙoƙin. Makullin ɗakin na rataye a bayan ƙofar ɗakin gwaji. Mai gadi ya ce an tashi ƙarfe biyar, ya kulle ƙofar waje da magariba.

Abdulghani ya goga ɗan yatsa a kan tsirkiyoyin jitar. Ya sake gogawa.

"Wa ya ɗaure ta?"

"Ba kowa, Baffa. Tun da aka kwantar da shi a asibiti ban bari an taɓa ta ba. Jiya ma a sake take kamar igiyar shanya."

Ya ce ta kira masa su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko wata jita ta haya ya sassauta mata tsirkiyoyi.

Hatim ya ce ƙarfe biyar ya tafi ɗauko matarsa daga aiki, ya nuna saƙonta a waya. Da aka miƙa masa jitar ya ɗaure, dariya ya yi, ya ce shekara ashirin yana zama a bayan masu jita bai taɓa koya ba.

Razan ta amsa cewa ta dawo ɗaukar jakarta wajen biyar da rabi. Ta ji ana kaɗa jita ƙasa-ƙasa a ɗakin ajiya, ta zaci Mastura ce ta kunna tsohon faifai, ta ji kunyar leƙawa. Abdulghani ya ce ta ɗaure jitar yadda Majid ke kaɗawa. Ta fiddo waya ta saita ta daidai yadda kowa ke yi.

Bandar ya iso da azahar. Ya ce shi ya riga kowa fita, kuma wallahi wanda ya yi wannan ba shi da imani. Abdulghani ya ce ya manta da zancen, ya taimaka ya ɗaure wannan jitar irin ɗaurin Majid don Razan. Bandar ya karkata kunne, cikin minti ɗaya ya gama. Sai dattijon ya ɗauko jitar mamacin, ya kaɗa ɗaya, ya kaɗa ɗayar. Sauti guda suka ba da.

"Majid yana sauke tsirkiya biyu, yadda ya ji a garayar kakansa," in ji Abdulghani. "Bai rubuta ba, wanda ke tsaye kusa da shi kaɗai ya koya wa. Ɓarawon titi jitar zai ɗauka. Wannan kuwa rubutu ya zo nema, ya samu, amma ya kasa fita ya bar jitar a sake. Ina littafin, ya waladi, ɗana?"

Bandar ya zauna a kan lasifika. Can ya ce yana mota.

Sauran bayani shi ya kawo da bakinsa. Waƙar da ta fito da shi, "Ɗan Unguwa", wadda shekara tara yana cewa tasa ce, Majid ne ya rubuta ta da Hausa, shi ya juya ta Larabci. In aka haska shafin, asirinsa ya tonu. Niyyarsa ya yage shi ya mayar da littafin. Ya gane shafin da kwanan wata, don yana jin Hausa amma bai iya karanta ajami ba. Ya riƙe takardar ya kasa ja.

Da aka ɗauko littafin, Mastura ta buɗe shafin. A ƙasan baitin ƙarshe akwai layi biyu da wani biro daban, da kwanan watan makon da waƙar ta fita. Ta karanta a fili: "Na ji ta a bakin Bandar. Ya fi ni rera ta. Tasa ce, kada wanda ya tanka masa."

Bandar ya rufe fuska da hannu biyu. Mastura ta rufe littafin, ta ce za ta bi abin da ƙanenta ya rubuta, ba za a haska shafin ba. Ba ta ƙara yi masa magana ba.

Bayan la'asar zauren ya cika. Direbobi sun zo da kayan aiki a jikinsu, tsofaffin Ruwais sun zauna a gaba suna toshe kunne suna murmushi, Razan ta yi ihu har muryarta ta dushe. Da aka zo kan Bandar, jama'a suka fara kiran sunan waƙarsa. Ya ɗaga hannu suka yi tsit.

"Wannan waƙa Majid ne ya rubuta ta," ya ce da Larabci. "Na ɗauka ban tambaye shi ba. Yau da harshen da ya rubuta ta zan yi."

Hausarsa ta karye tun a baiti na biyu. Mastura, daga inda take tsaye a gefen dandali, ta ɗaga murya ta ba shi kalmar da ta ɓace masa.