Makullan da Ke Cikin Kwallar Mama

Faɗan ya same mu ne muna tsugune a kan gawar ƙarya, ni da Abdulfatah, hannuwanmu cikin safar roba.

Malaminmu Dakta Pwajok ne ya shirya mana gwajin, don mu koyi gane mamaci ta abin da aka samu a jikinsa. Ya cusa tsummokara cikin tsohuwar riga da wando, ya babbake su, ya kewaye ɗakin da igiya. A aljihun gawar akwai makulli, a kan tebur kuma akwatuna uku masu sunaye. Wanda makullin ya buɗe, sunan mamacin ke nan. 'Yan ajinmu sai wasa da dariya suke yi, ni kuwa ƙaurin ya tsaya mini a maƙogwaro.

A nan Abdulfatah ya ga damar raɗa mini cewa mahaifinsa ya ba shi zuwa Babbar Sallah, ko a ɗaura mana aure ko ya haƙura da ni. Shi dama bai taɓa sanin lokacin da ya dace da magana ba. Amma shekara uku yana jirana, ina sonsa kuma kamar raina.

"Suwaiba, masoyiyata... dubi abin da ke hannunki. Akwai irinsa a gidanku."

Na gane nufinsa sarai. Ranar Juma'ar da rikici ya ɓarke a Jos a 2001, Babana ya fita shagonsa na ɗinki a kasuwar Terminus, bai dawo ba. Bayan kwana biyu wani maƙwabcinmu da ya taya kwasar gawarwaki ya kawo wa Mama makullai uku sun yi baƙi ƙirin, ya ce a jikin wani ya same su wanda wuta ta hana a gane shi. Mama ta ce ba na mijinta ba ne. Ta ƙi takaba, ta ƙi karɓar gaisuwa, ta kuma dage babu mai aurar da ni sai ya dawo. Akwatinsa na ƙarƙashin gado a kulle, shekara huɗu ke nan.

Na ce wa Abdulfatah ba shi da tausayi, so yake in kashe wa uwata miji don ya samu mata. Ya sunkuyar da kai. Na tashi a fusace na zura makullin a akwati na biyu, ya buɗe. Ajin ya ɗauki tafi, ni kuma hawaye ya zubo mini.

Da la'asar na koma gidanmu a unguwar Ali Kazaure. Mama na bakin gado tana tsintar shinkafa. Na buɗe kwallarta a gabanta na ɗauko makullan da ta ɓoye a ciki, na durƙusa na jawo akwatin.

"Ajiye, Suwaiba," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ƙaramin ne. Yana buɗewa."

"Mama... yaushe kika gwada?"

"Ranar da aka kawo su."

Na zauna daɓas a ƙasa. A hankali ta gaya mini cewa ta san in ta ce ya rasu, mutane za su zo gaisuwa su watse, ni ma a ɗauke ni, a bar ta daga ita sai akwati. Amma muddin ana jiransa, mu biyu ne muke jira. Na so in yi fushi da ita, na kasa. Na kifa kaina a cinyarta muka yi ta kuka.

Can ta share fuskarta da bakin zane, ta ce in faɗa wa yaron nan iyayensa su je wurin Baffa Isa, ƙanen Babana, su nemi aurena. Na samu Abdulfatah ke nan, amma ban ji ko ɗigon farin ciki ba.

Ta miƙo mini mayafina.

"Kafin nan shiga maƙwabta ki sanar. Ki ce Malam Mahdi tela ya rasu."