Akushin Zubaidatu

Da hantsin ranar Talata, a tsakiyar zafin watan Agusta, wasu mutum biyu suka shigo ofishin 'yan sanda na kudancin Jidda, ƙafafunsu furu-furu da ƙura. Daga unguwar Sa'alaba suka tako, domin a gidansu ba a hawa mota. Dattijon, Malam Abdallah, ya tsaya daga gefe. Ƙanensa Rafi'u ne ya yi bayani. Ya ce 'yar Malam, Zubaidatu, mai shekara goma sha tara, ta fita jiya kai hulunan da ta ɗinka kasuwar Bab Makka, har yau ba ta dawo ba.

Aka haɗa su da Sufeto Abdulghani, saboda shi ma jikan Hausawa ne, haifaffen Jidda. Hausarsa ta fi ƙarfi a kunne. A baki kuwa sai ta riƙa tuntuɓe da Larabci.

Ya nemi hotonta, aka ce ba sa ɗaukar hoto. Ya nemi lambar wayarta, aka ce ba sa riƙe waya. Ya karɓi iƙamarta, wato katin iznin zama a ƙasar, sai ya tarar an shafe fuskar da tawadar allo. Na cikin kwamfutar hukuma kuma tun tana 'yar ƙanƙanuwa aka ɗauka, haƙoranta biyu a fice.

"To, ya ammi, wa zan nema? Baƙar abaya a cikin Jidda?"

A nan Malam ya buɗe baki karo na farko.

"Tana da amosanin jini. In ta wuni ba ruwa ciwon yana tashi. Sau biyu muna cire rai da ita."

Sufeto ya dubi taga. Zafin ranar ya kai har kuliyoyin ƙofar ofis sun kwanta rigingine a ƙarƙashin motoci, kamar an shanya su. Ya tambayi dalilin da ya sa suka kwana ba su kawo rahoto ba. Malam ya ce Rafi'u ne ya ba da shawarar a fara da addu'a tukuna.

Mutanen gidan nan kakanninsu da ƙafa suka baro ƙasar Hausa, suka shekara talatin a Sudan, sannan suka ƙetaro teku. Magidanta tara ne a cikin katanga guda. Da a Karantina suke, da aka rushe unguwar suka koma Sa'alaba da dokokinsu cif. In ban da kai huluna kasuwa, Rafi'u kaɗai aka yarje wa hulɗa da waje, shi ke cefane da takardu, makullin ƙofa ma a wuyansa yake. Wanda ya karya doka kuwa ba a dukansa, ba a zaginsa. Daina yi masa magana ake, har ya mutu ko ya tafi.

Rafi'u ya ce ƙarfe uku na safe ta fita. Sufeto ya yi mamakin budurwa a titi a wannan lokaci, amma ya sa Saje Wejdan, 'yar sandan da ke aiki da shi, ta tattaro hotunan kyamarorin shagunan layin. Awa biyu suka ɓata suna kallo. Ba su ga kowa ba sai wani mai shara da wata akuya da ta tsaya tana kallon fitila.

Da azahar suka isa gidan, Sufeto yana huci. A zaure ya ga wani tsohon agogon bango mai lilo yana nuna ƙarfe shida da 'yan mintoci. Ya ce wa Malam agogonsu ya lalace. Malam ya ce lafiyarsa ƙalau, kullum da an kira magariba yake mayar da shi sha biyu, yadda ake yi a ƙasar nan kafin a zo da lokacin Turawa.

Sufeto ya ƙirga da yatsu. Ƙarfe ukunsu wajen goma na safe ke nan.

Ya juya ga Rafi'u. "Kai da kake zuwa ofisoshi, ba ka san agogonmu daban ba?"

"Ruɗewa ce, ranka ya daɗe."

"Ruɗewarka ta ci mana awa biyu. Halas, je ka."

Suka nufi Bab Makka, rumfar Oumarou, wani ɗan Nijar mai sayar da yadi da huluna. Da farko ya rantse bai taɓa jin sunan yarinyar ba. Wejdan ta ɗago wata hula daga saman tari, ta nuna masa zaren da ko gutsure shi ba a gama yi ba, ta tambaye shi ko aljanu ne suka ɗinka masa. Sufeto ya ce shi ba iƙamarsa ya zo dubawa ba, amma in ana so a duba, sai a duba. Nan take tunanin Oumarou ya dawo.

Ya ce ta zo wajen sha ɗaya, ta ba shi huluna takwas. Ba ta saba magana ba, amma jiya ta tambaye shi wani abu: wai in ka ga babba yana yin abin da ya hana yara, kai ne mai laifi in ka yi shiru?

"Ka ce mata me?"

"Wallahi, shef, na ce mata ni yadi nake sayarwa."

"Daga nan fa?"

Ya ce wani mutum ya yafito ta daga tsallaken titi, sanye da farin ƙyallen nan marar rini irin na gidansu, rawani ya rufe rabin fuska. Ta bi shi ba musu.

A mota Sufeto ya dafe kai. Maza tara, duk riga ɗaya, rawani ɗaya, kuma ya san kowannensu zai ce yana kan buzu yana lazimi.

Haka kuwa aka yi. Ya jera su a zaure ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shaidi ɗan'uwansa. Wani tsoho ma nasiha ya yi masa a kan illar agogon hannu. La'asar ta gabato, wuni na biyu ke nan.

Wejdan ta shiga cikin gida wajen mata. Uwar yarinyar, Rahamatu, tana zaune tana tsince shinkafa. Zubaidatu 'yar farinta ce, don haka ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce "waccan". Duk tambayar da aka yi mata sai ta ce a tambayi Malam. Wejdan har ta miƙe don takaici, sai ta lura matar ba shinkafar take kallo ba. Wata kanta take kallo a jikin bango.

A kan kantar akusa ne na itace, baƙaƙe, a jere, kowanne da irin zanensa a gefe. Rahamatu ta ce kowa a gidan ranar sunansa ake sassaƙa masa nasa. A ciki zai ci, a ciki zai sha, ba ya taɓa na wani, in ya mutu kuma a kife shi. A tsakiyar jeren akwai gurbi guda.

"Na wa ne babu, ya khala?"

"Na waccan."

"Da shi ta fita?"

"A'a. Bayan ta fita na wanke shi na ajiye da hannuna. Da magariba na duba ban gan shi ba."

"Me ya sa ba ki faɗa wa kowa ba?"

Rahamatu ta sunkuyar da kai. Ta ce wace uwa ce za ta tashi a gaban mutane tana cigiyar kwanon 'yar fari?

Da Wejdan ta kawo labarin, Sufeto ya auna shi a ransa. Baƙo in ya saci mutum, a roba zai ba shi ruwa, ko a gwangwani. Wanda zai dawo ya ɗauki akushinta sai wanda tun haihuwa bai taɓa ganin an sha a wani abu ba. Kuma tana da rai jiya da yamma, tunda ba a kai wa gawa abinci.

Ya tambayi Malam wanda ya fita tsakanin azahar da magaribar jiya. Malam ya ce ba mai fita sai mai makulli.

Suka tarar da Rafi'u a bakin ƙofa, buhun cefane a kafaɗa. Ya ce kasuwa za shi kafin a tashi.

"Mai zuwa kasuwa da buhu wofi yake tafiya. Sauke."

"Tsummoki ne kawai."

"Yalla, sauke."

A cikin tsummokin akwai akushi a rufe da faifai, cike da kunun gyaɗa mai ɗumi, da gorar ruwa. A ƙasan buhun kuma, a naɗe cikin safa, wata ƙaramar waya.

Malam ya dubi wayar, ya dubi ƙanensa, sannan ya juya fuskarsa bango.

Rafi'u ya durƙushe. Ya ce ɗansa Abdelkader, wanda aka daina yi wa magana shekara huɗu da suka wuce har ya koma Sudan, ya sami 'ya mace. Don jin muryarta ya sayi wayar. Ranar Lahadi ta yi ƙara a cikin buhun shinkafa a gaban Zubaidatu. Tsoro ya kama shi, ya bi ta Bab Makka, ya ce ta zo ya nuna mata wani abu a tsohon gidansu na Karantina. A can ya ce ta dafa Alƙur'ani ta rantse ba za ta faɗa ba. Ta ƙi. Ya kulle ta, yana zaton kafin la'asar za ta sauko. Da ya kai mata kunu ta sha, ta sake ƙi. Yau kuma tun safe Malam ya riƙe shi.

"Ka bar mata ruwa?"

"Ai na taho da akushin in wanke. A me za ta sha?"

Sufeto ya buɗe baki, Hausar ta ƙi zuwa, Larabcin ma ya ƙi. Ya finciko shi ya tura a mota. Kafin a rufe ƙofa Rahamatu ta fito da mayafinta, ta ɗauki akushin, ta shiga ta zauna kusa da Wejdan. Ba ta nemi iznin kowa ba.

Karantina ta zama fili fetal, sai tarin bulo da ƙarafa. A wani wuri ƙofar ƙarfe ce tsaye ita kaɗai, da kwaɗonta a kulle, ba bango ko ɗaya a jikinta. Can baya, a gindin wani tsibin ƙasa, ɗakin ajiya guda ya tsira, rufinsa na kwano yana walƙiya a rana.

Makullin ya faɗi daga hannun Rafi'u sau biyu. Sufeto ya ture shi ya buɗe da kansa.

Tana kwance a lungu, ta dunƙule, leɓɓanta sun tsattsage. Wejdan ta taɓa wuyanta, ta ce akwai numfashi, ta kira motar asibiti. Rahamatu ta zubar da kunun a ƙasa, ta ɗauraye akushin, ta cika shi da ruwa, ta tallafo kan 'yarta. Da farko ruwan ya bi gefen baki. Daga baya maƙogwaro ya motsa.

Sai da ta sha rabi ta buɗe ido. Sufeto ya tsuguna daga nesa, ya cire hularsa yana fifita da ita.

"Ya binti, me ya hana ki rantse masa kawai ki fito? Saura ƙiris ki mutu."

Muryarta da ƙyar take fita. "Ni da ma ba zan faɗa ba. Na gaya wa Baffa tun farko. Amma a gidanmu ba a rantsuwa. Shi ya koya mini."

Sufeto ya juya ya dubi Rafi'u.

"Ta gaya maka?"

"Sau uku."

"Kuma ba ka yarda ba."

"Na daɗe ina fita waje, ranka ya daɗe. Na manta akwai mai faɗa ya cika."

Sufeto ya yi lahaula a hankali, ya mayar da hularsa, ya ciro ankwa. Rafi'u ya miƙo hannayensa da kansa. Suka bi ta cikin ɓaraguzan zuwa mota, jiniyar motar asibiti tana matsowa daga babban titi.