Bangon Da Na Rufe Da Siminti

"Wanga kango kinka saye, Hamdiyya?"

Inna ta tsaya a bakin zaure, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ta toshe hanci da gefen mayafinta saboda warin kashin jemagu.

"Gida ne, Inna. Namu!"

"Namu? Naki dai. Shekara shida kina karɓar haihuwa asibiti, dut Wara an san ki, a ƙarshe ki ƙare gidan laka?"

Sai da idona ya kawo ruwa. Tun rasuwar Baba muke yawon gidan haya ni da ita, yau mai gida zai aurar da ɗa mu tashi, gobe ɗaki na zuba mu kwana muna tare ruwa da roba. Da na ji magada za su sayar da wannan tsohon soro da ke gangaren tafki, ban ko yi shawara da kowa ba. Ɗaki uku ne da zaure, bangon kauri kamar buhun shinkafa, ga bishiyar ɗorawa a tsakar gida. Ni kam a idona fada ce.

Inna ba ta rufe baki ba ƙasa ta zubo min a ka.

"Subhanallahi! Wane ne a sama?"

Wani dogon mutum ya leƙo ta bakin soro, laka har gwiwar hannu.

"Ki yi haƙuri, mai gida. Azara nike dubawa. Guda huɗu gara ta ci, sauran sun hi ki lahiya."

Shi ne Mamuda, maginin da maƙwabta suka turo min. Mutumin Shanga ne, aiki ya zaunar da shi a Wara. Na harare shi ina kakkaɓe ɗankwali, shi kuwa ko a jikinsa, dariya ma yake.

Wata biyu ya yi a gidan. Ya canza azarar da ta lalace, ya gyara indararo, ya toshe ramukan ɓera. Sannan ya jiƙa ɓawon ɗorawa ya haɗa makuba, ya yaɓe bangon waje da tafin hannunsa har ya yi ja yana sheƙi. In na dawo daga aiki sai in zauna a kan turmi, wai ina duba aiki. Ƙarya nake, mai aikin nake dubawa.

"Me ya sa ba za a yi masa filasta da siminti a huta ba?" na tambaye shi wata rana.

Ya kama hannuna ya ɗora a jikin bangon. Sanyi ƙalau, alhali rana na dukan sa.

"Kin ji? Nan kusa da ruwa ne, ƙasan gidanga ba ta rabuwa da danshi. Bango shina shan ruwa daga ƙasa, shi hidda shi ta jiki. In kinka rufe shi da siminti, ruwan ba ya da hanya, sai shi ruɓe daga ciki ba ki sani ba. Yaɓe shike so, kowace shekara kahin ruwan hwari."

"Kowace shekara?"

"Kowace shekara, mai gida."

Ya daɗe bai saki hannuna ba, ni ma ban janye ba.

Damina ta zo ta wuce, ko ɗigo bai sauka a ɗakinmu ba. Aiki ya ƙare, Mamuda bai daina zuwa ba. Yau ya kawo wa Inna kifi ɗanye daga bakin ruwa, gobe ya ce ya zo duba indararo, indararon da lafiyarsa ƙalau. Wata la'asar a zaure ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa.

"Hamdiyya... ni ban iya zance ba. Ke nike so. In kin yarda in turo manya."

"Ai na ɗauka bango kaɗai ka iya lallashi."

"Ki bar ja min rai, sanyin idona."

Na rufe fuska da hijabi. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban sake ji ba.

Inna ce ta fara shan kunu.

"Mai kwaɓa laka? Ke da kinka yi boko? Ga ɗan'uwanki Hafizu, shago gare shi Yelwa, tun kina makaranta shike bin ki."

Yaya Hafizu ɗan Kawu Sule ne, wan Inna. Siminti da bulo yake sayarwa, kuma bakinsa ya fi kayan shagonsa tsada. Bai taɓa zagin Mamuda a gabana ba, ya fi haka wayo. Sai dai ya zo gaida Inna, ya shafa bango, ya duba tafin hannunsa, ya girgiza kai.

"Ƙanwata, ke da wayonki? Ya ce miki kowace shekara sai an yi yaɓe? To wa zai yi in ba shi ba? Ai ya samu gona. Shi ba shi da ko ɗaki a garin nan, ke kina da uku. Ki yi tunani."

Da farko na yi kunnen uwar shegu da shi. Amma magana in ana maimaita ta safe da yamma, sai ta samu wurin zama. Ga abokan aikina, ranar da suka zo ganin gida wata ta jingina da bango, farar rigarta ta yi ja, suka yi ta sheƙa dariya wai Sista Hamdiyya ta koma zamanin kakanni. Na yi dariya tare da su, da suka tafi na shiga ɗaki na yi kuka.

Da bazara ta kawo jiki, Mamuda ya iso da buhun ɓawon ɗorawa a bayan babur. Ya tarar da buhunan siminti jibge a zaure, Yaya Hafizu ya aiko da su kyauta.

Ya daɗe yana kallon su.

"Mi ne ne wanga, Hamdiyya?"

"Filasta za a yi. Na gaji da laka."

"Na gaya miki abin da zai biyo baya."

"Ka gaya min abin da zai sa ka riƙa dawowa dai!"

"Mi kinka ce?"

"Ka ji ni! Ni kake so ko gidan? Don na ga tun da ka shigo ba ka da zance sai na bango!"

Ban san ina da irin wannan bakin ba sai ranar. Inna na bakin murhu tana ji. Mamuda ya sauke buhun a hankali, kamar wanda ya ɗauko mara lafiya.

"Ashe haka kike kallo na."

"Mamuda, ni dai..."

"Gidanki ne, ki yi yadda kinka so. Amma hannuna ba zai sa ma bangonga siminti ba. Abu ɗaya nike roƙo, kar ki bar Inna ta kwana jikin bangon gabas in marka ta kama."

Ya tada babur ya tafi. Sati bai cika ba na ji ya tattara ya koma Shanga. Ya kira ni sau uku, ina kallon wayar tana ƙara na ƙi ɗauka. Jira nake ya kira na huɗu. Bai kira ba.

Ma'aikatan Yaya Hafizu suka yi filasta a kwana biyar, aka shafa fenti ruwan madara. Gida ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Masu wucewa zuwa bakin ruwa har tsayawa suke. Ni kuwa in na shigo sai in ji kamar gidan wasu na shiga, ga zafi, ga kewa tana ci na kamar gara. Yaya Hafizu ya turo maganar aure, na ce a ba ni lokaci. Inna ta yi fushi kwana biyu ta haƙura.

Ruwa ya sauka. Wata na farko lafiya lau. A na biyu ɗakin Inna ya fara wari irin na rigar da ba ta bushe ba, tabarmarta ta yi fumfuna. Sai tsaga ta fito a bangon gabas, siririya kamar zare. Na ƙwanƙwasa wurin da yatsa, ya amsa kamar ƙwarya.

Na kira Yaya Hafizu.

"Fenti ne kawai, ƙanwata. In rani ya yi a sake shafawa."

Na so in yarda da shi, don in ban yarda ba sai na yarda da wani. Amma dai na ɗauke gadon Inna na mayar ɗakina, tana ta faɗa wai na raina ta.

Marka ta kwana uku ba ta ɗauke ba. Rana ta huɗu da azahar ina tsakar gida ina tare ruwa, Inna ta shiga ɗakinta ɗauko carbi. Ta fito ke nan, ko taku biyar ba ta yi ba...

Rugum!

"Inna! Innaaa!"

Na fizgo ta muka zube cikin taɓo. Da na ɗaga kai, bangon gabas babu shi. Simintin ya ɓare fale-fale ya kwanta, abin da ke bayansa kuwa ba bango ba ne, kunu ne baƙi yana malala. Azara biyu sun soke daidai inda gadonta yake a da.

Inna ta daɗe tana kallon wurin.

"Yaron nan ya hwaɗi," ta ce. "Ina ji da kunnena ya hwaɗi."

Yaya Hafizu ya zo da laima, ya tsaya nesa kada takalminsa ya ɓaci. Ya ce tsohon gida ne dama, kwanansa ya ƙare, a rushe a yi na bulo. Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Hafizu, hita min daga gida."

Da ya tafi ta juyo gare ni. "Ki tahi Shanga ki kirawo shi. Ba ta waya ba, da ƙahwarki."

Washegari na hau mota zuwa Yelwa, daga can na shiga ta Shanga. Duk hanya ina haɗa maganar da zan faɗa ina warwarewa. Gonakin shinkafa sun yi kore shar, ni ba na ma ganin su.

Na same shi a gidansu, cikin wani sabon ɗaki, yana yaɓen ciki. Ya rame. Da ya gan ni hannunsa ya tsaya a jikin bangon.

"Hamdiyya?"

"Bangon ya faɗi, Mamuda."

"Inna fa?"

"Tana lafiya. Na ɗauke gadonta kamar yadda ka ce."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi har sau uku. Ko kalma ɗaya ta gori bai yi min ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

"Ka yafe min," na ce, hawaye na zuba. "Na yi maka ƙazafi. Ba don bango na zo ba, wallahi ko gidan duka zai rushe... kai nake so. Ka dawo, masoyina."

Ya juya min baya. Lakar da ke gabansa ta fara bushewa, ban san lokacin da na ɗauki tulu na zuba masa ruwa ba. Ya sa hannu yana cuɗawa, ya ƙi kallo na.

"Na yahe miki tun ranar."

"To mu tafi."

"Kin san ɗakin wa kike zuba ma ruwa?"

Sai a lokacin na duba da kyau. Sabuwar ƙofa. Ƙusoshin labule. Gurbin jeren kwanuka da aka fitar a jikin bango. Tulun ya yi min nauyi, na ajiye.

"Shamsiyya sunanta, ɗiyar maƙwabcinmu. Juma'a za a ɗaura. Wata uku ina jiran ki, Hamdiyya, kullum waya na aljihuna. Da na ga shiru na ce to maganar da kinka hwaɗi har zuci ta."

"Ba har zuci ba ce!"

"Yanzu na sani." Ya ci gaba da cuɗa lakar. "Amma na ba mutane magana, kuma yarinyar ba ta yi min komi ba. Ta san sunanki. In na taka Wara na cuce ta."

Na so in faɗi ƙasa in yi birgima kamar ƙaramar yarinya. Na tsaya dai, na riƙe bakin ƙofar amarya.

Ya goge hannu a wandonsa, ya koma magana irin ta magini, don ita kaɗai ta rage mana. In sa a ɓamɓare simintin duka, har na sauran bangon, tun bai ci su ba. In tokare azarar da itace, in rufe da tamfol har ruwa ya ɗauke. In rani ya yi in nemi Baba Elijah a Ngaski, a hannunsa ya koyi aiki, in ce shi ya turo ni.

"Gidan zai tashi, mai gida. Tushensa na da kyau."

"Allah ya ba ku zaman lafiya," na ce. Ban san da wane baki na faɗa ba.

Ana kiran la'asar na iso Wara. Tun daga waje na ji ƙamshin miyar kifi. Inna ta share tsakar gida duk da taɓo, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta jera kwanon tuwon shinkafa irin wanda ake fitarwa babban baƙo. Kawu Sule na zaune da babbar riga. Ashe bayan tafiyata ta aika aka kira shi, ta gaya masa ta ba Mamuda ni, ko ɗansa zai yi fushi ya yi.

Ta taso da murmushi tana leƙen bayana.

"Ina shi? Ko ya tsaya masallaci?"

"Inna..."

"Ki ce mishi ya shigo, kar ya ji kunya. Ni za ni ba shi haƙuri da bakina, gaban kawunki."

"Juma'a za a ɗaura masa aure, Inna."

Murmushin ya daɗe a fuskarta kafin ya gane babu abin da yake jira. Kawu Sule ya sunkuyar da kai. Inna ta durƙusa a hankali, ta ɗauki faifai ta rufe tuwon.

"Ni na ja miki, ɗiyata."

"A'a, Inna," na ce. "Ke cewa kawai kika yi ba kya son sa. Ni da nake son sa, ni na kore shi."